Ruwan da Ke Hutun Juma'a

Muchia, kafin assalatu

Da sunan Allah na fara. Tun da na dawo matan unguwa ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce na tambayar abin da ya kai ni ƙauye a wannan marra da mutane ke gudun hanyar, har bakina ya gaji. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Don haka na zaunar da autata Zulai, na ce in faɗa ta rubuta, in ta gama ta karanta mini, kada ta ƙara gishiri kada ta rage.

Ran Laraba muka fita, ladan bai ko gyara murya ba. Na ɗaure ƙuli-ƙuli da kwalbar man gyaɗa na tsaraba, na kulle ɗaki, na ba maƙwabciyata mabuɗi. Ta tambayi ranar dawowa, na ce ta tambayi Mai sama. Zulai na biye da ni da jakar kwamfutarta rungume a ƙirji kamar jinjiri. Kwana da kwanaki ba ta ci abin kirki ba, wuyanta duk ya fito.

Ga abin da ya fitar da mu. Zulai na karatun digiri na uku a jami'ar da ke Samaru, kuma aikinta a gonar ubanmu yake, can ƙauyenmu bayan Giwa, inda ƙanena Ilu ke zaune. Ta kafa wani dogon ƙarfe a tsakiyar fili, da wani abu a kansa kamar kwanon sha da aka kife. Da na tambaye ta amfaninsa, sai ta ce taurarin ɗan'adam ɗin nan da ke nuna wa direbobi hanya a waya, dare da rana suna aiko da saƙo ƙasa. Kwanon yana jin saƙon sau biyu: wanda ya sauko masa kai tsaye, da wanda ya bugi ƙasa ya dawo. Busasshiyar ƙasa da jiƙaƙƙiya ba iri ɗaya suke mayar da shi ba. Ta ce kamar yadda nake ƙwanƙwasa tulu in san ko da ruwa a ciki ba tare da na leƙa ba. Har laimar da ke cikin iska, in ji ta, saƙon yana faɗa, don yakan ɗan makara in ya ratso ta. Abin da kwanon ya ji sai ya turo mata ta layin waya tana zaune a ɗaki. Burinta manomi ya san ko ƙasa ta sha ruwan da ya isa shuka, ya daina asarar iri a ruwan farko.

To, a tsakiyar ranin bana, lokacin da ko tsuntsu neman inuwa yake, sai ƙarfen ya fara cewa gonarmu a jiƙe take sharkaf. Ba yini ɗaya ba, mako bayan mako. Malamanta suka duba suka ce wannan ba aikin na'ura ba ne, hannun mutum ne. Suna zargin tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga ta daina zuwa, ƙarfen ya mutu, ita kuma ta zauna tana ƙirƙiro lissafi da kanta. In ya tabbata, korarta za a yi, kuma sunanta ya ɓaci ke nan a duk inda ake karatu. Ta kira kawunta a waya ba sau ɗaya ba. An yi ruwa? Ko ɗigo. An taɓa ƙarfen? Ko kaza ba ta kusance shi ba. Maganar Ilu ke nan kullum.

Kwangila zuwa Palladan

Mun sami keke mai ƙafa uku a bakin titi, mai keken na ta hamma. Ya ajiye mu a Kwangila, muka yi sallar asuba a rumfar wata mai koko da na sani, muka hau wani keken zuwa Samaru. Garin bai gama farkawa ba, sai masu shayi da ke hura wuta da 'yan bulo da ke jiran mota a Palladan.

A nan na yi abin da ke cina tun ranar da ta zo mini da zancen. Ni na haife ta, na san ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Amma na ga yadda take kwana gaban kwamfuta, na ga yadda tsoron hanya ya hana ta zuwa, kuma ni ban san abin da ake yi a cikin abin nan ba. Gara in ji daga bakinta a cikin keke da in ji a gaban maza a gonar ubana. Na ce ta dubi idona.

"Auta, kin yi ko ba ki yi ba?"

Ta dube ni. "Inna, ke ma?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta juya fuska waje har muka isa. Ni kuwa ban janye tambayata ba, ban kuma sami amsa ba.

Samaru

A bakin ƙofar makaranta muka tarar da mutum biyu suna jiranmu. Ɗaya malaminta ne, dattijo mai farin gemu da tabarau. Ɗayan kuwa Sande ne, ma'aikacin da ke kula da na'urorinsu, wanda aka wakilta ya je ya gani da idonsa ya kawo shaida. Sande ɗan unguwar Jushi ne. Iyayensa mutanen kudu ne, uwarsa ta yi shekaru tana sayar da manja kusa da rumfata a kasuwar Sabon Gari, kuma a bayana ya sha yin barci yana jariri. Ya durƙusa ya gaishe ni da Hausarsa da ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Na ce masa in ya kuskura ya yi mini kara a wannan tafiya, ya faɗi abin da bai gani ba, ban yafe goyon ba. Ya yi dariya ya ce ai tsorona da yake ji tun yana yaro ba zai bar shi ya yi ƙarya ba, ko don ni ko a kaina.

Malamin ya yi mini bayani a tsanake, ba da wulaƙanci ba. Ya ce shi kansa ba ya so abin ya tabbata, don Zulai ce ɗalibar da ya fi sa wa rai. Abin da ya tsaya masa shi ne tsarin abin. Kowace safiya ƙasa sai ta jiƙa, da rana ta ɗan sha iska, gobe ta sake jiƙa, amma duk ranar Juma'a shiru.

"Hajiya," in ji shi, "na yi shekaru ina auna ruwan sama. Ban taɓa ganin wanda ke hutun Juma'a ba."

Ko ni jahila na san maganarsa gaskiya ce. Ya ce masu yanke hukunci za su zauna mako mai zuwa, kuma ba a yarda motar makaranta ta bi wannan hanya ba, sai dai mu yi ta haya. Ya sa mana albarka, muka tsallaka titi.

Shika da shingayen hanya

Motar da muka samu ƙaramar bas ce, an cusa mu kamar goro a huhu. Direban wani siriri ne mai surutu, ya ba ni gaba wai don girmana, sannan ya ɗora mini buhun barkono a ƙafa. Na ce masa in haka yake girmama uwarsa, to Allah ya ba ta haƙuri. Ya ce uwarsa a bayan mota yake sa ta. Fasinjoji suka yi dariya, ban da Zulai.

Bayan Shika dariya ta ƙare. Kowa ya koma kallon daji. Direba ya kashe rediyo, duk motar da ta taho daga gaba sai ya ɗaga mata hannu, in ta kunna masa fitila ya ce alhamdulillahi. Na tambaye shi ma'anar hakan, ya ce alamar hanya lafiya. Na ce in ba ta kunna ba fa? Ya ce, "Hajiya, ki dai yi ta salati."

A shinge na biyu aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Wani soja ya ga akwatin Sande mai wayoyi da sandar awo, fuskarsa ta canza. Ya ja shi gefe yana tambayarsa wa zai kai wa wannan a cikin daji. Sande ya nuna katin aikinsa, ya yi bayani da Turanci, ya koma buroka, wato Turancin kasuwa, sojan bai gamsu ba. Direba ya fara cewa shi fa ba zai iya jira ba. Na ga in aka riƙe Sande, shaidar Zulai aka riƙe. Na taka na je na ce wa sojan yaron nan ni na goya shi, gonar ubana za mu je auna ƙasa, in kuma zai tsare shi to ya nemo mini tabarma don tare za mu zauna. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi sunan ƙauyen da sunan mai unguwa, na faɗa masa har da na uban mai unguwar. Ya mayar da akwatin ya ce mu tabbata ba mu kai la'asar a hanya ba.

Giwa zuwa gida

A Giwa muka sauka rana ta take. Na sayi waina da miyar taushe, na tura wa Zulai gabanta, ta gutsuri ɗaya ta bari. 'Yan acaɓa suka yi ta noƙewa da jin sunan ƙauyenmu, sai da muka sami wasu uku 'yan can gefen, su ma suka ninka kuɗi suka ce ba za su jira mu ba.

Rabona da hanyar nan an jima. Gonakin da na saba gani cike da mutane suna sharar bazara, yanzu wasu ko karan bara ba a kwashe ba. Mun wuce wani ƙauye da ba mu ga hayaƙi ko ɗaya ba. Mai mashin ɗina ya ce kada in riƙa waiwaye, yana ɗaga masa hankali. Na ce idona nawa ne. Duk hanyar ina lissafin abu biyu a raina: in muka tarar ƙarfen a mace, da wane ido zan dubi malamin nan, kuma da wane ido zan dubi 'yar da na sayar da ƙuli-ƙuli shekara da shekaru don ta yi karatu.

Ilu ya tarbe mu a ƙofar gida yana ta washe baki kamar an yi masa bushara. Zulai ta gaishe shi, ta fara cewa ko za a je gona, ya ce haba, ina aka taɓa yin haka. Baƙo sai ya sha ruwa, ya yi sallah, ya ci tuwo. Aka kawo fura, aka yi azahar, aka yanka zakara, aka jira ya nuna. Matarsa ta jero mini duk wanda ya mutu da wanda ya haihu tun zuwana na ƙarshe. Zulai na zaune a gefen tabarma idonta na kan hanyar gona. Ni ma hankalina na can, amma gidan ubana ne, ba zan zo in karya al'adarsa ba. Na ci abin da zan iya. Ilu kuwa sai satar kallonmu yake yana murmushi, abin da ya ƙara tayar mini da hankali, don tun yana yaro in yana wannan murmushin akwai abin da ya ɓoye.

Gonar ubanmu

Ilu ya shige gaba, mu muna biye. Tun kafin mu fita daga cikin kukoki na ji wani ƙamshi da bai kamata a ji a wannan wata ba, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na dubi Zulai, na ga ita ma ta ɗaga hanci.

Ƙarfen na nan tsaye, kwanonsa na ƙyalli, 'yar fitilarsa na walƙiya. Kewaye da shi, ta gefe uku, katanga ce ta jan ƙasa ta kai ƙirjin mutum. A gindinsa ga ƙaton kwaɓi, wasu magina biyu sun naɗe wando suna tattaka shi. Ga tubali jere ana shanya. Ga amalanken shanu da jarkoki, wani na juye ruwa, ruwan na malala ko'ina cikin filin.

"To, Yaya, ga shi," in ji Ilu. "Na so sai an gama a yi yaɓe sannan ku gani."

Ya ba mu labari yana alfahari. A farkon rani ɓarayi suka kwance farantan hasken rana na famfon ƙauyen da ke maƙwabtaka da su. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa, don ƙarfen nan ma da nasa farantin, kuma amanar 'yar yayarsa ce. Sai ya sayar da tinkiya, ya kira magini, ya ce a kewaye shi da katanga a sa ƙofa. Kwaɓin kuwa a cikin filin ake yi tunda akwai shingen ƙaya, awaki ba za su tattake tubali ba. Kullum da sassafe ake ɗebo ruwa daga dam a jiƙa ƙasa don ta ruɓa da kyau. Bai faɗa a waya ba, don alheri ba a yi masa shela.

Sande ya tambayi babban maginin ko suna aiki ran Juma'a. Mutumin ya dube shi kamar ya yi saɓo, ya ce ran Juma'a tun hantsi suke kama hanyar masallaci, wa zai kwaɓa ƙasa?

Zulai ta zauna daɓas a ƙasa. Ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Sande ya karɓi kwamfutar ya buɗe a kan amalanke, ya ce akwai wani mako guda a tsakiya da ƙasar ta bushe ƙarau sannan ta koma jiƙa, me ya faru? Maginin ya yi tunani, ya ce ai makon da matarsa ta haihu ne, bai dawo ba sai bayan suna. Sande ya kama baki. Ya ce wa Zulai ƙarfenta ba ya ƙarya, har haihuwar matar magini ya gani. Ya shiga ɗaukar hoto ta kowace kusurwa, ya soka sandarsa a kwaɓin da wajen kwaɓin, ya sa maginin ya maimaita maganarsa a waya.

Na yi hamdala, na zaci an gama. Sai Zulai ta jawo ni gefe ta ce katangar ba za ta zauna ba. In ta tsaya, saƙon da ke bugun ƙasa ya dawo ba zai kai ga kwanon ba, ƙarfen ya kurmance ke nan. Kuma awon ranin bana duk ya lalace, sai ta jira wani ranin ta sake. Shekara guda ta tafi. Ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta ce wa Kawu ya rushe ba.

Na kira Ilu bayan kuka, mu biyu, na faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba. Murmushin ya ɓace. Ya ce an ce masa kada a taɓa, bai taɓa ba. An ce kada a yi shuka, bai yi ba. An ce kada dabba ta shiga, ko ɓera bai shiga ba.

"Wa ya ce mini kada a jiƙa, Yaya? Ni na zaci sama yake kallo."

Gaskiyarsa ce. Na kira Zulai na ce ni ta zauna ta yi mini misali da tulu har na gane, shi da ta bar wa amanar umarni kawai ta ba shi ta tafi. Ta durƙusa gabansa ta ba shi haƙuri, ta yi masa bayanin tun daga farko, ta zana masa a ƙasa da tsinke yadda saƙon ke saukowa ya bugi fili ya tashi. Ya saurara har ƙarshe. Ya tambaya ko da gaske saboda kwaɓinsa aka ce za a kore ta. Ta gyaɗa kai. Ya tashi, ya karɓi diga a hannun magini, ya je ya kai wa katangar sara na farko da kansa. Sande ya cire takalmi ya shiga kwasar tubali.

Kafin magariba Zulai ta auna nesa ta kafa turke, ta ce daga nan zuwa baya ana iya gini. Ilu ya ce tubalin ba zai tafi a banza ba, ɗakin gadi zai yi a can, inda zai riƙa hango ƙarfen. A ɗakin matarsa muka kwana. Ban ce na yi barci ba, amma ba abin da ya faru sai haushin karnuka.

Komowa

Da hantsi Ilu ya sa 'yan acaɓan garin suka kai mu Giwa, ya ɗora mana daddawa da kuka da ƙullin gero. Da zai juya ya ce wa Zulai ta riƙa kiran waya tana tambayarsa abin da aka yi, ba abin da ba a yi ba. Motoci suna ta kunna mana fitila har Shika. Sojan jiya ya gane ni, ya ce Mama an auno ƙasar? Na ce an auno, har da ta gini.

A Samaru Sande da Zulai suka shiga wurin malamin, ni na zauna a inuwar dalbejiya a waje. Zaman nan ya fi mini tafiyar tsawo. Da suka fito malamin na tare da su, ya cire tabarau yana goge ido don dariya. Ya ce maganar kora ta mutu, zai kai shaidar da kansa. Shekarar dai sai an sake ta, ba makawa. Ya ce amma a ajiye awon kwaɓin, kada a yar, don bai taɓa ganin abin da ya nuna na'urar na aiki kamarsa ba.

Mun iso Muchia ana kiran la'asar. Na karɓi mabuɗina, na ɗora tukunya, na yi ɗanwake da man gyaɗa da yaji, na sa Zulai a gaba sai da ta cinye kwano.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Sande, goyona bai faɗi ƙasa ba. Ina gode wa malamin da ya yi zargi a fili ya kuma janye a fili, da direba mai barkono, da Ilu da ya sayar da tinkiyarsa don amana, ya kuma rushe abin da ya gina don amanar.

Da muka zo wurin tambayar da na yi mata a cikin keke, Zulai ta ajiye biro ta ce ba sai an sa wannan ba. Na ce ta ɗauka ta rubuta. A Palladan ta yi mini tambaya ban ba ta amsa ba, to ga amsar: e, Auta, ni ma na zarge ki. Kuma tunda har mako mai zuwa ne za ta koma ta fara shirin awo sabo, na riga na gaya mata ta nemi keke mai wurin mutum biyu, tare za mu je.